Kafin Ka Biya Kuɗin Amfilifaya

Ɗana,

Saƙonka ya iso, na kuma karanta shi a tsanake. Ka ce kiɗan kilasik na Turai ya shiga ranka, amma duk lokacin da ka zauna saurare, kafin a ci rabin faifai sai ka ji gogen Turawan nan, wato biyolin, yana sukar ka a kunne, dole ka tashi ka kashe. Abokanka sun ce maganin abin shi ne amfilifaya mai ɗumin sauti, wasunsu ma sun dage sai mai kwalba. Na ji daɗi da ka tambaya tun kuɗin suna aljihunka. Zan gaya maka abin da na sani, kai kuma ka auna.

Bari mu fara da abin da kunnenka yake nema, don kada ka shiga kasuwa neman abin da ba ka tantance ba. A zaurukan kiɗan da duniya ta fi yabo, irin su Musikverein na birnin Biyana da aka buɗe a 1870, da Concertgebouw na Amstadam na 1888, da Symphony Hall na Boston na 1900, idan makaɗa suka tsaya cak, sautin yakan yi kusan sakan biyu yana yawo kafin ya mutu. Leo Beranek, Ba'amurken da ya daɗe yana auna irin waɗannan zauruka har ya fitar da littafi a kansu a 1962, ya nuna cewa zauren da masu sauraro suke cewa yana da ɗumi shi ne wanda kakkauran sauti yake ɗan daɗewa a cikinsa fiye da matsakaici. Celo, babban gogen nan da makaɗi yake zama ya rungume tsakanin gwiwoyinsa, tsirkiyarsa mafi kauri tana girgiza sau 65 a sakan. Wansa kontirabas yana sauka har 41. Daga can zuwa wajen 300, nan jikin kiɗan yake: itacen akwatin goge, da ƙirjin mawaƙi, da hannun hagun mai fiyano. In wannan yanki ya cika, siraran muryoyi sun sami wurin zama. In ya rame, ko ba a ƙara wa biyolin komai ba sai ka ji shi tsirara. Kunnen ɗan Adam kuwa ya fi saurin jin zafi tsakanin girgiza 2,000 zuwa 5,000 a sakan, kuma nan ne kaifin tsirkiya yake taruwa.

Akwai kuma yadda ake ɗaukar faifan. Mai sauraro a zaure yana zaune nesa da makaɗa, iska da nisa da rigunan jama'a sun shanye wani ɓangare na kaifin kafin ya iso gare shi. Makirfo kuwa sau da yawa a saman kawunan masu goge ake rataye shi, daidai inda biyolin yake harba siririn sautinsa. Saboda haka wani faifan tun daga tushe ya fi abin da ake ji a zaure kaifi. Wannan ba laifin amfilifayarka ba ne, kuma ba wata amfilifaya da za ta raba ka da shi baki ɗaya.

To, ga nasihata ta farko, wadda na fi so ka riƙe ko da ka manta da sauran: ka dubi ɗakinka da sifikokinka kafin ka dubi amfilifaya. Amfilifaya ta kirki, idan aka auna ta daga kakkauran sauti zuwa siriri, da wuya ta karkace da desibel ɗaya, wato ma'aunin ƙarar sauti. Sifika da ɗaki kuwa sukan karkatar da sauti da desibel biyar har goma, nan tudu can kwari. Falon da na san ka da shi tayil ne a ƙasa, siminti a bango, ga faffaɗar taga ta gilashi. Ka tsaya a tsakiyarsa da dare, bayan an kashe fanka, ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ka saurara. In ka ji wani ɗan zirrr mai ƙarfe-ƙarfe yana bin bayan tafin, to ka ga mai sukar ka a kunne. Shimfiɗa darduma mai kauri tsakaninka da sifikokin. Sa labule mai nauyi a tagar. Jawo kantar littattafanka zuwa bangon gefe, inda sautin yake fara bugawa kafin ya karkato gare ka. Sannan ka ɗan kawar da fuskar sifikokin daga saitin kunnenka, su dubi gaba sosai, domin siririn sauti ya fi ƙarfi a saitin fuskar sifika. In kuma jikin kiɗan ya rame, matsa su kusa da bangon baya kaɗan-kaɗan, taki ɗaya a kowane gwaji, har ka ji celo ya cika ba tare da ya fara gunji ba. Duk wannan bai kai kuɗin wayar haɗi mai tsada ba. Ka yi mako guda kana saurare a haka. Mai yiwuwa rabin kukanka ya tafi.

In bai tafi duka ba, sai mu zo kan kwalba.

Kwalbar nan ta gilashi, mai jan haske a ciki, ita ce uwar duk wata na'urar ƙara sauti. Lee de Forest ya fito da irinta mai ƙafa uku a 1906, ita ta riƙe rediyo da garmaho da silima shekara da shekaru, har aka ƙirƙiro tiransisto a ɗakin binciken Bell a 1947. Da tiransisto ta mamaye kasuwa a shekarun 1960, yawancin na farkon suna da wani ƙaiƙayi a sauti, musamman idan an rage murya, saboda ɗan tsaikon da ake samu lokacin da rabin na'urar yake miƙa wa ɗaya rabin aiki. Daga nan sunan ya bi ta: wai tiransisto sanyi da kaifi, kwalba ɗumi da laushi. An daɗe da magance wancan aibi, amma maganar ta zauna a bakin mutane.

Ba ina cewa ɗumin kwalba tatsuniya ba ne. Yana nan, kuma an san mafarinsa. Na farko, kowace amfilifaya tana ƙara wa sauti ɗan abin da ba ya cikin faifai. Mai kwalba ɗaya tal a kowane gefe, abin da ta fi ƙarawa shi ne ninki biyu na sautin da aka ba ta: ka ba ta 440, ta ɗora 880 sama-sama. Wannan ninki dama yana cikin muryar kowane goge da kowace sarewa, don haka kunne ba ya ɗaukarsa baƙo, cika yake ji. Ninki na bakwai da na tara su ne ba sa jituwa da asalin sautin, ko kaɗan ne sai ka ji kaushi. Na biyu, kwalba ba ta iya tura sifika kai tsaye, sai ta hanyar taransifoma, kuma riƙon da take yi wa sifikar bai kai na tiransisto tsauri ba. Sifikar da aka rubuta wa om 8 a baya, wato adadin turjiyarta ga wutar lantarki, ba 8 take tsayawa ba: a wani sauti ta faɗo 4, a wani ta haura 30. Amfilifaya mai sassaucin riƙo tana bin wannan hawa da sauka, ta ƙara ƙarfi inda adadin ya hau, wanda sau da yawa wajen kakkauran sauti ne. Ka lura da abin da wannan yake nufi: amfilifaya guda tana iya yin ɗumi da sifikar abokinka, ta zo gidanka ta yi kaifi, idan taka sifikar a wajen siririn sauti adadinta yake hawa. Na uku, idan aka matsa wa kwalba fiye da ƙarfinta, a hankali take durƙushewa. Tiransisto kuwa sare kan sautin take yi tsaf, ka ji shi ƙarau.

A 1985 wani injiniya, Bob Carver, ya yi wa editocin mujallar Stereophile ta Amurka tayin gwaji. Suka zaɓi wata amfilifaya mai kwalba mai tsadar gaske, shi kuma ya zauna da tasa mai tiransisto, wadda kuɗinta bai kama ƙafar waccan ba, ya yi ta auna bambancin abin da suke fitarwa yana gyarawa. Cikin 'yan kwanaki editocin suka kasa raba su da kunne. Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, ɗumi hali ne da ake iya aunawa, ake iya ginawa. Ba a cikin gilashin kaɗai yake ba. Ka kuma san cewa manyan masu ƙera na'urar kwalba na farko ba ƙarin launi suke nema ba. Harold Leak na Ingila ya sa wa tasa suna Point One a 1945 don alfahari da cewa gurɓatar sautinta ba ta wuce kashi 0.1 cikin ɗari ba. Williamson, wanda ya wallafa zanen tasa a mujallar Wireless World a 1947, da Peter Walker mai kamfanin Quad, duk gaskiyar sauti suka sa a gaba.

Yanzu ga inda mai sauraron kilasik ya bambanta da sauran jama'a, kuma nan nake so ka natsu. Ƙarin nan mai daɗi da amfilifaya take yi kamar man shanu ne a miya: cokali guda ya fito da ɗanɗanon kuka da daddawa, ludayi guda kuwa ya sa kowace miya ta zama iri ɗaya. Idan celo ɗaya ne yake kuka shi kaɗai, misali jerin kaɗe-kaɗen Bach da Pablo Casals ya ɗauka a faifai tsakanin 1936 da 1939, ƙarin ninki biyu ba abin da zai yi sai ƙawata shi. Amma ƙungiyar makaɗa tamanin ko casa'in fa? Na'urar da take ƙara ninki ga sauti ɗaya, idan aka ba ta sautuka da yawa a lokaci guda sai ta riƙa cakuɗa su, ta haifar da sababbi daga jimlarsu da kuma ragowar da ke tsakaninsu, waɗanda ba su da dangi a cikin kiɗan. Sai ka ji wurin da ya kamata ya buɗe ya cushe. Masu biyolin na ɗaya da na biyu sun narke cikin juna, algaitar Turawa da ake kira obo ta ɓace a bayan ƙaho, ba ka iya nuna inda kowa yake zaune. Kiɗan Brahms ko Mahler kuwa rabin daɗinsa a nan yake, ka bi murya uku ko huɗu suna tafiya tare kowacce da hanyarta. Na sha jin na'urar da ta sa ni lumshe ido a kan goge ɗaya, da aka sa mata cikakkiyar simfoni sai na ji tausayin mai ita. Fiyano ma yana tona asiri: kowane sautinsa da bugun guduma yake farawa, sannan ya ja wutsiya. Amfilifayar da ta cika laushi takan dakushe bugun, sai fiyanon ya rasa ƙashi.

Sai batun ƙarfi, wanda masu neman ɗumi suka fi sakaci da shi. Ka ɗauki Boléro na Ravel, na 1928. Yana farawa da 'yar ƙaramar ganga ana taɓa ta da kan sanda, da kyar kake ji, masu celo suna tsinkar tsirkiya da yatsa a ƙarƙashinsa, sannan sarewa ɗaya ta shigo. Dole ka ƙara murya don ka ji wannan. Bayan kusan minti goma sha biyar, duk ƙungiyar ce take rugugi, da kakaki da kuge da manyan ganguna, kuma ba ka taɓa maɓallin murya ba. A irin wannan kiɗa, ƙololuwar sauti takan ɗara matsakaicinsa da desibel 20, wato ninki ɗari na ƙarfin lantarki. Kana zaune kana jin daɗi da wat ɗaya, sai a nemi wat ɗari na ƙiftawar ido. Idan babu, amfilifayar ta sare kan sautin, kai kuma ka ce biyolin ya yi kaifi. Sau da yawa abin da mutum yake kira rashin ɗumi, ƙarancin ƙarfi ne kawai.

Lissafin ba wuya. Duba bayan sifikarka ko takardarta, za ka ga an rubuta wani adadi, misali desibel 87. Ma'anarsa, wat ɗaya yana ba da ƙarar 87 a nisan mita ɗaya. Duk ƙarin desibel 3 sai an ninka wat: biyu su ba ka 90, huɗu 93, takwas 96, sha shida 99, talatin da biyu 102, sittin da huɗu 105. Kai kuma ba a mita ɗaya kake zama ba, nisan kujerarka zai ci wani abu daga ciki. Shahararriyar kwalbar nan 300B, wadda Western Electric ya fitar a 1938, ita kaɗai wat takwas take bayarwa. Da sifika mai 96, wat takwas ɗin nan sun kai ka 105, abin sai wanda ya ji. Da taka mai 87 kuwa, Boléro ba zai kai ƙarshe lafiya ba. Ƙananan sifikokin nan LS3/5A da BBC ta tsara a shekarun 1970, waɗanda masu son murya da goge suke ji da su, wajen 83 suke, ga shi kuma ba sa ɗaukar ƙara mai yawa. Na ƙaramin ɗaki ne da kiɗan mutum huɗu. Saboda haka ba a cewa amfilifaya kaza ta fi kyau sai an ce da wace sifika, a wane ɗaki, don wane kiɗa.

Zan ambata maka wasu sunaye don ka san inda ake, ba don ka haddace ba. Quad II ta 1953, wat 15 da kwalaben KT66. Dynaco ST-70 ta 1959, wat 35 a kowane gefe da kwalaben EL34, wadda aka sayar da dubu ɗaruruwa. McIntosh MC275 ta 1961, wat 75 da KT88, har yau ana ƙera jikokinta. EL34 ita aka fi yaba wa daɗin tsakiyar sauti, KT88 kuma ƙarfi da riƙon kakkauran sauti. A ɓangaren tiransisto, James Sugden na yankin Yokshaya a Ingila ya fito da A21 a ƙarshen shekarun 1960, mai tsarin da ake kira aji A, wato na'urar tana buɗe gaba ɗaya kowane lokaci, babu miƙa aiki daga rabi zuwa rabi, balle a sami tsaiko. Sautinta sumul ne, goge yana fita da santsi, amma wat ɗinta kaɗan ne, na yanzu ma ashirin da 'yan kai zuwa talatin. NAD 3020 ta 1978, wat 20 kacal a rubuce, mai araha, ta yi suna ne saboda cikar sautinta da yadda take jure sifika mai wuyar turawa. Ita ta koya wa mutane da yawa cewa tsada da daɗi ba tagwaye ba ne. Sannan ga gidajen Japan irin Luxman, wanda ya faro tun 1925, da Accuphase na 1972, da Marantz da ya tashi a Amurka ya koma can, duk an san su da sautin da ba ya gajiyar da kunne.

Amma ɗana, mujallun da suke yabon waɗannan kaya a ƙasashen sanyi ake rubuta su, kai kuwa a nan kake. Amfilifaya mai kwalba ta wat 35 a kowane gefe tana shan wuta wat 150 zuwa 200 ko ana kiɗa ko ba a yi, kuma kusan duka zafi yake zama a cikin ɗakin. Ta aji A ma haka take, bayan awa guda da kyar ka iya barin tafin hannunka a kan haƙarƙarin ƙarfenta. Ka tuna yadda falonka yake a watan Afrilu. In ka kunna fanka ko na'urar sanyaya ɗaki don ka jure, hucinsu ya cinye farkon Boléro, ka koma ƙara murya. Ga ƙurar hunturu da take shiga ta ramukan iska ta kwanta a kan komai. Ga wutar lantarki mai hawa da sauka: in ta yi yawa tana rage wa kwalba kwana, in kuma aka ɗauke aka dawo da ita nan take alhali kwalaben suna da zafi, wannan duka ne a gare su. Duk wadda ka saya, ka haɗa ta da sitabilaiza mai kyau, ka kuma saba da kashe ta da hannunka da zarar an ɗauke wuta. In da inbata kake aiki, ka tabbata mai fitar da tsaftatacciyar wuta ce. Mai arahar nan takan sa taransifoma ta riƙa ƙugi, kana jin sa daga kujera. Sababbin amfilifayoyi na aji D ba sa zafi, kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da suka sha sauti take zama, kuma masu kyau daga cikinsu sun wuce raini yanzu. Ga mai dogaro da batir da hasken rana, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kwalba kuma tana tsufa. Manyan sukan yi awa 'yan dubbai sannan su fara dusashewa, a sauya su bibbiyu ko hurhuɗu waɗanda aka daidaita, a kuma sake saita wutar da take ratsa su. Masana'antun da suka rage suna ƙera su a duniya ba su da yawa: Sulobakiya, da Rasha, da Sin, sai ɗan abin da ake yi a Amurka. A 2022, da yaƙin Yukiren ya tashi, sai da suka yi wuyar samu, farashi ya haura. Kafin ka sayi mai kwalba, ka fara sanin daga ina za ka samo madadinsu, kuma wane mai gyara ne a garinku ya taɓa buɗe irinta. A cikinta akwai wuta bolt 400 zuwa 500, wadda takan maƙale ko bayan an zare soket. Ba wurin sa hannu ba ne. Kada a taɓa kunna ta ba tare da an jona sifika ba, taransifomarta tana iya ƙonewa. Gilashin kuma yana toya fata, ga shi da jan hasken da yake kiran yaro. Da 'yan jikokina a gidan, in dai mai kwalba ce, sai mai keji, a kan kanta mai tsawo.

Na san za a kai ka wajen masu kayan gwanjo, kuma ban hana ka ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai ka duba bayanta tukuna. Ta kasuwar Japan bolt 100 take ci, ta Amurka 120, tamu kuwa 230. Ka jona ba tare da na'urar rage wuta ba, sai hayaƙi. Na'urar da ta shekara talatin ko arba'in, kafasitocinta sun fara bushewa, ka sa kuɗin sauya su a cikin lissafinka tun kafin ciniki. Wani laushin da ake ji a tsohuwar amfilifaya ma ba halinta ba ne, gajiya ce: saman sautin ya dushe, ƙasan ya saki. Ka juya kowane maɓalli ka ji ko yana ƙarƙar, ka kara kunnenka a sifika ba tare da kiɗa ba ka ji ko akwai ƙugi, ka bar ta a kunne ta yi zafi sosai kafin ka yarda.

Wani abu kuma da masu tsaurin ra'ayi suke rainawa, ni kuwa ina girmama shi: maɓallin rage kaifi da ƙara kauri. An yi yayin cire shi, wai yana ɓata tsarkin sauti. Amma faifai ba iri ɗaya ba ne. Wanda aka ɗauka a 1958 da wanda aka ɗauka a farkon zamanin sidi, bayan 1982, da na bara, kowanne da halinsa. Quad ya taɓa sa wa na'urorinsa wani maɓalli mai karkatar da sautin gaba ɗaya, ƙasa ya ɗan hau sama ya ɗan sauka, kuma don masu irin kiɗanka aka yi shi. Amfilifaya mai gaskiya wadda za ka iya rage wa kaifi da ɗan juyi a ranar da faifai ya bukata, ka mayar a ranar da bai bukata ba, ta fi mini wadda aka gina laushin a jikinta ba ya fita.

Ranar gwaji, kada ka yarda da faifan mai shago. Tafi da naka, waɗanda ka sani ciki da bai. Ka sa wanda Jacqueline du Pré ta kaɗa kiɗan celo na Elgar a 1965, tana da shekara ashirin, tare da ƙungiyar makaɗan Landan a ƙarƙashin John Barbirolli. A bugun farko, inda take jan baka a kan tsirkiyoyi da yawa lokaci guda, ya kamata ka ji abu biyu tare: kaurin itacen, da kartar gashin baka a kan tsirkiya. In kaurin kaɗai ka ji, an rufe maka wani abu. In kartar kaɗai, ka san ciwon da ka zo da shi. Sannan ka sa farkon simfoni ta biyar ta Mahler, inda kakaki ɗaya yake kira shi kaɗai kafin duk ƙungiyar ta faɗo a kansa. Ka lura ko ɗakin ya buɗe a wannan lokaci ko ya tsuke. Ka ƙara da fiyano, da muryar mace mai tashi sama. In ana gwada biyu, a daidaita ƙararsu sosai, domin wadda ta ɗara da ko rabin desibel ita kunne zai zaɓa, ya ce ta fi cika. Kada ka yanke hukunci a minti biyar. Na'ura mai ƙyalƙyali ita take cin gasar minti biyar, kai kuwa ta zaman awa biyu kake nema. In mai kayan zai yarda ka kai gida ka kwana biyu da ita a kan jingina, wannan ya fi komai, tun da ɗakinka da sifikarka su ne alƙalai. Ka sa mai ɗakinka ta zauna ta ji, ba tare da ka gaya mata wacce ta fi tsada ba. Kuma kada ka ɗauki kunnena ma'auni: jin siririn sauti yana raguwa da shekaru, abin da ya yi mini daidai yana iya yi maka kaifi.

In ka ce lallai sai na zaɓa maka, ga ra'ayina. Tun da manyan simfoni ka fi so, sifikokinka kuma irin na gama-gari ne, ga zafin garinku da halin wutarmu, ni zan nemi haɗaɗɗiyar amfilifaya mai tiransisto ta aji AB, wat 60 zuwa 100 a kowane gefe, mai nauyin taransifoma, wadda takardarta ta nuna ƙarfinta yana ƙaruwa sosai idan aka sauko om 4, mai kuma maɓallin gyaran sauti. Ragowar kuɗin in zuba su a darduma da labule da faifai. Mai kwalba ta EL34 sai in ajiye ta a rai zuwa ranar da ka sami ɗaki mai sanyi, da sifika mai saurin amsawa, da mai gyaran da ka amince da shi. A ranar, in kiɗan mutum uku ko huɗu ne ya fi jan ka, za ta ba ka abin da ba zan iya kwatanta maka a takarda ba, kuma zan yi murna in zo in ji. Kada dai ka ci bashi don wannan, kada kuma ya taɓa kuɗin makarantar yara. Ka kiyaye haƙƙin maƙwabta, musamman bayan isha'i, katangarku ɗaya da mutane.

Ka aiko mini da tsawon falon da faɗinsa, da nisan kujerarka daga sifikokin, da duk abin da aka rubuta a bayansu, da kuma abin da ka ji bayan tafin nan. Da su zan iya faɗa maka wat nawa ya ishe ka.

Wassalam,
Baffanka